Boga da cips a Sakkwato: me ya sa na yau ba ya kama da na jiya?

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan la'asar na kai yarana uku ɗaya daga cikin gidajen abincin zamanin nan masu rassa a garuruwa, ba zan kama suna ba. Sun gama jarrabawa, dama na yi musu alkawari. Muka sayi boga uku da cips uku da lemo. Cips ɗin ya zo lagwab, ya sha mai, in ka ɗaga guda sai ya sunkuyar da kai. Bogar kuwa burodi ne da kabeji da bama, naman ciki falle ɗaya siriri kuma busasshe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata biyu da suka wuce a wannan wurin na ci, kuma wallahi ya yi daɗi. To ina matsalar take? Dankalin ne, man ne, ko ma'aikatan? Na ɗauka amfanin babban suna shi ne abin da ka ci yau shi za ka ci gobe.

Ummu_Sudais: Wa alaikumus salam. Abban Hanifa ka riga ni ne kawai. Ni na daina sayen cips a waje gaba ɗaya. Kafin ɗan kabu-kabu ya kawo mini shi Arkilla ya zama kamar dafaffen dankali.

DanRunjinSambo: Malam kai ma da neman magana. Garin da ad da tsire da balangu mi ya kai ka ga boga? Da kuɗin ga kat tahi wurin mai nama da su, da yara sun ci sun bar saura.

Abban_Hanifa: @DanRunjinSambo gaskiyarka, amma yaro abin da ya gani a waya shi yake so. Tsire suna ci kusan kowane mako. Wannan alkawari ne na ɗauka.

Tsohon_Kuku: Bari in sa baki, don na yi shekara uku ina aiki a kicin ɗin irin waɗannan wuraren, biyu a Abuja ɗaya a nan. Abban Hanifa, ƙarfe nawa ka je? In bayan la'asar ne, to akwai yiwuwar abin da aka soya tun azahar aka ba ka. Cips ba ya jira. Daga fitowarsa daga mai mintuna kaɗan gare shi, bayan nan tururin da ke cikinsa yake fitowa ya jiƙa ɓawon. Ƙa'ida ita ce wanda ya wuce lokacinsa a zubar, amma wane manaja ne zai yarda a zubar da abin da za a tambaye shi lissafinsa da dare? Sai a bar shi ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci, ko a sake tsoma shi a mai idan mai saye ya zo. Wannan sake tsomawar ita ke sa ya sha mai.

Na biyu zafin man. Ana son ya kai wajen digiri 175. Idan aka zuba dankali mai sanyi da yawa a lokaci guda zafin ya faɗi, to maimakon ya soyu sai ya riƙa tsotsar mai. Ranar da ka ci mai daɗi ina kyautata zaton ka dace da lokacin cunkoso ne, ana soyawa ana kwashewa. Shi ya sa nake gaya wa mutane, in za ka ci cips je ka lokacin da layi ya yi tsawo, ko ka ce a soya maka sabo za ka jira.

Ummu_Sudais: Ikon Allah. Ni kuwa da gangan nake aikawa lokacin da babu mutane don kada a ɓata wa yaron lokaci.

Tsohon_Kuku: Hajiya naki ma daban ne. Ko sabo aka soya, da zarar an rufe shi a roba mai murfi an ƙulle a leda, an gama da shi. Ba banza ba manyan kamfanonin waje suke zuba shi a kwali buɗaɗɗe. Tururi ne yake neman hanyar fita.

Injiniya_Bash: Ni a ganina muna kwatanta abin da ba mu da shi ne. Yawancin abin da muke kira gidan boga a ƙasar nan gidajen kaza da shinkafa ne, boga ƙari ce kawai a jerin abinci. Mr Bigg's tun 1986 yake, kuma an fi saninsa da mitfai. Chicken Republic ya fara a 2004, sunansa ma ya gaya maka abin da ya sa gaba. KFC ya shigo Legas a 2009, shi ma kaza. Burger King sai 2021 ya buɗe a Legas. McDonald's kuwa har yau ba shi da reshe a Najeriya, a Afirka sai ka je irin su Masar, Maroko ko Afirka ta Kudu. Wanda sana'arsa shinkafa da kaza ba zai kashe kuɗi kan injin gasa nama da horar da mai boga ba.

Hajjaju_Mabera: Injiniya wannan haka yake. Da muka je Umara na ci cips na McDonald's a Jidda, na sake ci a Makka bayan kwana biyar, ɗanɗano ɗaya, tsayi ɗaya, kamar a tukunya guda aka soya. Amma fa ni Albaik, gidan soyayyar kazar nan na Saudiyya, ya fi kwanta mini, musamman miyar tafarnuwar nan tasu. Duk alhajin da ya ga layin da ake yi a wurin ya san ba a banza ba ne.

Agric_Dundaye: Ina karatun noma a jami'ar Ɗanfodiyo, bari in ƙara kan maganar Tsohon Kuku ta ɓangaren dankalin. Abin da Hajiya ta gani a Saudiyya ba dabarar mai suya ba ce kaɗai. Waɗannan kamfanonin irin dankali na musamman suke amfani da shi, wanda ya fi shahara shi ne Russet Burbank, dogo ne, sitacinsa da yawa ruwansa kaɗan. A masana'anta ake yanka shi, a ɗan tafasa, a busar, a yi masa rabin suya, sannan a daskarar. Reshe ƙarasa suya kawai yake yi. Shi ya sa na Jidda da na Makka suka zo ɗaya.

Namu dankalin turawan yawancinsa daga Filato yake zuwa, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, saboda sanyin wurin. Cikin irin da aka fi nomawa akwai Nicola, kuma shi irin dahuwa ne, yana riƙe jikinsa a miya da faten dankali, amma ruwansa ya yi yawa ga suya. Sannan ku duba tafiyar da yake yi, daga Jos zuwa Zariya, Funtuwa, Gusau, kafin ya iso nan, a buhu cikin rana. A watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40 kwana kaɗan yake yi ya fara laushi da tsiro. In kuma mai gidan abinci ya ce bari ya tsare shi a firji, sanyi mai yawa yana juya sitacin ya koma sukari, sai ka ga cips ya yi duhu a waje tun cikinsa bai nuna ba, ga ɗan zaƙi-zaƙi. Don haka buhun wannan watan da na watan jiya ba lallai su ba ka abu ɗaya ba ko da mai suyar bai canza ba.

Abban_Hanifa: Allah ya ƙara ilimi ƙanena. Amma na jiya ba na tsammanin ɗanyen dankali ne, duk tsayinsu ɗaya sirara, irin na leda ne.

Tsohon_Kuku: To in na leda ne ga inda gizo ke saƙa: wuta. Daskararren cips daga firiza ake son ya faɗa mai kai tsaye. In ya narke ya sake daskarewa, ƙanƙarar ta farfasa cikinsa, ko wa ya soya shi lagwab zai fito. Ka lissafa tafiyarsa daga Legas zuwa Sakkwato, ka lissafa sau nawa aka ɗauke wuta, sau nawa aka kashe janareta da dare don a rage shan dizal. Ni da hannuna na sha buɗe leda in tarar duk ya manne ya zama dunƙule guda. Da ka ga haka ka san ya taɓa narkewa.

Mai_Shago_Sama_Road: Jama'a ku yi mana adalci. Ina da ɗan wurin shawarma da boga, ba babba ba ne. Duk abin da Tsohon Kuku ya faɗa gaskiya ne, amma ku tambayi nawa muke kashewa a dizal da gas da man gyaɗa. Ranar da na ƙara kaurin nama na ƙara kuɗi kaɗan, mutane suka koma wurin maƙwabcina. Mai saye yana son nama kamar na hoto a farashin burodi da ƙwai. Ba na kare ha'inci, amma wani abin ba mugunta ba ce, lissafi ne.

Abban_Hanifa: Alhaji na fahimce ka, kuma irinku ban da ƙorafi a kanku, don in abu bai yi ba zan same ka a shago in gaya maka. Maganata kan masu babban allo ce. Farashinsu ba na burodi da ƙwai ba ne. In sun karɓi kuɗin suna, su ba mu aikin suna.

Barunde_Kara: Ni mahauci na, gadonmu ta. Maganar nama ku bar muna ita. Wanda duk yac ce maka naman Sakkwato ad da laihi bai san nama ba. Shanunmu na kiwo na, suna tahiya suna cin haki, shi yas sa tsokarsu ba ta da kitse cikinta kamar na Turai da aka ɗaurewa ana ba hatsi. In ka niƙa zallan tsoka ka gasa dole ta bushe kamar tsumma. Masu boga da sunka san aiki suna zuwa su ce a haɗa musu da kitse, kashi huɗu tsoka kashi ɗaya kitse. Ni ko tozo ni ka ba su shawara, tozon gudali in ya ji wuta ba a magana. Amma wasu ba su son biyan kuɗin, sai su sai ragowar yanka su cika da garin burodi da magi.

Injiniya_Bash: Baba Barunde abin da ka faɗa daidai yake da ma'aunin da Turawa ke bi, 80 tsoka 20 kitse. Kai ka gano shi a kan teburin fawa.

Zarah_Gawon_Nama: Ni burodin ne matsalata. Zaƙi ya yi masa yawa, ga shi ba sa gasa cikinsa, sai bama ta jiƙa shi ya dagargaje a hannu tun ba ka kai rabi ba. Kuma don Allah wa ya ce dole sai an cika kabeji da karas? Ga albasarmu da ake lodi daga nan ana kaiwa har kudu da ƙasashen maƙwabta, amma ka sayi boga a Sakkwato ka rasa yanka ɗaya na albasa a ciki.

DanRunjinSambo: Zarah kin hwaɗi gaskiya. Mai tsire bai taɓa ba ka nama babu albasa da yaji ba.

Nas_Asabe: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina so in ja hankali kan abu biyu. Niƙaƙƙen nama ba kamar tsire ko balangu ba ne. A gundumen nama ƙwayoyin cuta a bayansa suke, wuta na taɓa su sun mutu. Da an niƙa, na wajen sun shiga ciki. Don haka boga sai tsakiyarta ta nuna sosai, ma'aunin da ake bayarwa digiri 71 ne. Na ga matasa suna kwaikwayon bidiyon waje suna cewa a bar musu cikin da ja-ja. A zafin garin nan, da naman da ba ka san awa nawa ya yi a waje ba, kada ku yi wannan gangancin. Haka bama, in ta daɗe a buɗe cikin zafi.

Na biyu gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Boga da cips da kecaf a zama guda sun cinye kaso mai yawa na wannan. Masu hawan jini da muke gani kullum ba tsofaffi ba ne kaɗai yanzu.

Sadiq_Poly: Anti Nas ai ba kullum ake ci ba. Wa ma yake da kuɗin ci kullum? Ni sau ɗaya a wata ne in an turo kuɗin makaranta.

Nas_Asabe: Ƙanena sau ɗaya a wata ba da kai nake ba. Akwai gidajen da yara ba sa cin tuwon dare sai an aika an sayo musu, da su nake.

Malam_Na_Kofar_Atiku: Tambaya nake da ita ga masu tafiye-tafiye. Na ji an ce cips ɗin waɗannan kamfanonin akwai kitsen dabba a ciki. Yaya matsayin halaccinsa?

Injiniya_Bash: Allah gafarta Malam, asalin maganar ita ce McDonald's a Amurka da kitsen shanu yake suya, irin kakiden nan namu, har zuwa 1990 da ya koma man tsirrai saboda surutun da aka yi kan ciwon zuciya. Da ɗanɗanon ya ragu sai suka riƙa ƙara sinadarin ƙamshin naman shanu. Mabiya addinin Hindu da marasa cin nama suka kai ƙara, a 2002 kamfanin ya nemi afuwa ya amince da biyan dala miliyan 10. Wannan a Amurka ne. A Saudiyya da ƙasashen Larabawa da shaidar halal suke aiki. Wanda ya je ƙasar da ba ta Musulmi ba shi ne zai tambaya kafin ya ci.

Malam_Na_Kofar_Atiku: Madalla, Allah ya saka da alheri.

Barunde_Kara: To kun jiya. Kakiden da mu ka saidawa da arha ashe shi na sirrin nasu tun farko.

Inna_Kulu: 'Ya'yana ku bar wahalar da kanku. Ni jikokina a gida nake yi musu kuma ba su ƙara tambayar na waje ba. Ki zaɓi dankali manya masu tauri, wanda ya yi kore ko ya tsira ki ajiye shi gefe. Ki fere ki yanka, kada ya yi siriri sosai. Ki jiƙa a ruwan sanyi kamar rabin awa, ki wanke har ruwan ya daina fari. Ki tafasa shi kaɗan da gishiri, kada ya dahu. Ki tsane ki baza a tire ya bushe sarai, wannan busarwar ita mutane ke tsallakewa, kuma a iskar garin nan ba ta ɗaukar lokaci. Sai ki soya a wuta marar ƙarfi har ya nuna bai canza launi ba, ki kwashe ya huce. Lokacin da za a ci ki ƙara wuta ki mayar da shi, kaɗan-kaɗan, kada ki cika kaskon. Gishiri yana fitowa za ki barbaɗa. Man gyaɗa na 'yan ƙuli nake amfani da shi.

Ummu_Sudais: Inna Allah ya ƙara lafiya. Ni suya ɗaya nake yi shi ya sa. Tafasawar dole ce?

Inna_Kulu: Da dankalin da muke samu a nan gara ki tafasa, 'yata. In kina sauri ki bar tafasawar amma kada ki bar suya biyun.

Agric_Dundaye: Abin da Inna ta bayyana shi ne dai abin da masana'anta ke yi, kuma haka 'yan Beljiyam suke soya nasu sau biyu. Bambancin kawai ita ba ta daskarar ba.

Sadiq_Poly: Ni fa ban yarda duk laifin na gidajen ba ne. Muna zuwa ne don wurin zama, ga sanyin esi ga wutar caji, ka zauna da abokai awa biyu babu mai korarka. A Sakkwato wurare nawa ne matashi zai samu haka? Kuɗin wurin muke biya, cips ɗin rakiya ne.

Zarah_Gawon_Nama: Sadiq to ai wannan tunanin ne ya sa ba sa gyarawa. Sun san ko me suka zuba za a dawo. Da kowa zai mayar da abin da bai yi ba, da sun canza.

Tsohon_Kuku: Zarah ta taɓo wani abu. A shekara ukun da na yi, waɗanda suka dawo da abinci suka ce a canza ba su da yawa, kuma duk an canza musu ba musu, don manaja yana tsoron a kai ƙara sama. Mutanenmu kunya ke hana su. Sai mutum ya ci yana ɓata rai ya fita. Sannan ku riƙa kallon launi. Cips mai kyau ruwan zinare ne. In ya zo da duhu da baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ɗan ɗaci a maƙogwaro, man ya tsufa, ko kuma a cikinsa aka soya kaza. Inda aka san aiki kaskon dankali daban na kaza daban, kuma ana tace man kullum.

Mai_Shago_Sama_Road: Wannan na raba kasko na karɓa, zan gwada. Baba Barunde zan neme ka kan maganar tozon nan, in ga ko lissafin zai fita.

DanRunjinSambo: Ni dai har yanzu ban ga abin da cips ya hi soyayyar doya da dankalin Hausa da yaji ba. Ko ya huce ana cin shi.

Hajjaju_Mabera: Kowanne da ranarsa ɗan'uwa. Doya ba ta hana a nemi a gyara wancan, tunda kuɗi ake biya.

Abban_Hanifa: Na gode ƙwarai jama'a. Yau da daddare bayan isha'i na koma wurin ni kaɗai, lokacin akwai mutane, na ce a soya mini sabo zan jira. Yarinyar ba ta yi musu ba, na jira kamar minti 10. Cips ɗin ya fi na jiya nesa ba kusa ba, da zafinsa da ƙarar tauna. Bogar kuwa tana nan yadda take, naman siriri busasshe. Na nemi manaja aka ce ya fita, na bar saƙo.

Injiniya_Bash: Naman ba a hannun reshe yake ba in babban kamfani ne, a auna ake aiko musu da shi. Manajan ma ba lallai ya iya canza komai ba.

Tsohon_Kuku: Kaurin ba a hannunsa yake ba, amma bushewar a hannunsa take. In mai gashin yana danne naman da cokali don ya yi saurin nuna, ko an gasa da yawa an tara, romon ya tafi. Abban Hanifa in ka koma ka tsaya inda za ka hango kicin ɗin, ka ga ko bayan ka biya aka ɗora naka a wuta ko daga cikin tire aka ɗauko.

Ummu_Sudais: Inna Kulu na gwada yau, na farko ya ɗan ƙone don wutar ta yi yawa a suya ta biyu, na biyun ya fito daidai. Man da ya rage sau nawa zan iya sake amfani da shi?